Kano zuwa Gwanzu: awa nawa a sama, awa nawa a zaman jira?

Ɗan Kwari:
Salamu alaikum jama'a. Waɗanda suka saba bin hanyar Sin su taimaka su warware wannan lissafi, don tambayar ta yi yawa a kasuwa. Tikiti ɗaya, kamfani ɗaya, ta Adis Ababa. A tafiya an rubuta tashi daga Kano 1:30 na rana, sauka Gwanzu (birnin Guangzhou na kudancin Sin) 3:45 na yammacin washegari, wato awa 26 da ɗoriya. A dawowa kuma tashi 12:30 na dare, sauka Kano 12:30 na rana, awa 12 cif. Hanyar ce ta gajarce ko yaya? Kowa ya kawo abin da ya sani: nisan, awannin, da inda lokaci yake salwanta.

Mai Yankan Tikiti:
Wa alaikumus salam Alhaji. Hanya ba ta gajarce ba, agogo ne. Kowane lokaci da ka gani a tikiti, na garin da jirgin yake ne a wannan sa'ar. Sin tana gaban Najeriya da awa 7, rani da damina, kuma duk faɗinta agogo ɗaya take bi. Adis da Doha suna gabanmu da awa 2. Alƙahira ce mai rikitarwa: awa 1 a hunturu, awa 2 daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba, tun da Masar ta dawo da sauya agogo a 2023.

To ɗauki tikitin da ka kawo. A tafiya cire 7 daga 26 da kwata, saura awa 19 da kwata. A dawowa ƙara 7 a kan 12, ya zama 19. Ka ga kusan ɗaya ne. In ka rarraba na tafiyar: Kano zuwa Adis wajen awa 4 da minti 45, ka sauka 8:15 na dare agogonsu, zaman jira awa 4 da kwata, jirgin Gwanzu ya tashi 12:30 na dare ya yi awa 10 da kwata. Awa 15 a cikin jirgi ke nan, sauran a kan kujerar filin jirgi. Jadawali yana motsawa da rabin awa ko awa ɗaya daga kaka zuwa kaka, amma tsarin haka yake. Alamar +1 da ake sawa kusa da lokacin sauka tana nufin washegari ne.

Tsohon Matuƙi:
Bari in ba da alƙaluman nisa, don su ba sa canzawa. Daga filin Malam Aminu Kano zuwa filin Baiyun na Gwanzu, in an bi mafi gajeren layi a bayan ƙasa, kilomita 10,900 ne da 'yan kai, wato mil ɗin ruwa kusan 5,900, wanda da shi muke lissafi a sama. Layin ba ya miƙewa gabas sak kamar yadda taswirar bango take nunawa. Ka sami ƙwallo ka ɗaura zare tsakanin ɗigo biyu ka ja shi ya yi tauri, za ka ga inda ya kwanta. Namu yana fita Kano ta arewa maso gabas, ya shafi wajen Diffa, ya ratsa Chadi da arewacin Sudan, ya tsallaka Bahar Maliya daura da Madina, ya wuce daf da arewacin Katar, ya kai ƙololuwarsa wajen Delhi, sannan ya gangaro ta gefen Himalaya ya faɗa kudancin Sin.

Zango-zango, a taƙaice:
Kano zuwa Adis 3,300, Adis zuwa Gwanzu 8,050, jimla wajen 11,350.
Kano zuwa Alƙahira 3,100, Alƙahira zuwa Gwanzu 8,000, jimla 11,100.
Kano zuwa Doha 4,750, Doha zuwa Gwanzu 6,200, jimla 10,950.

Doha kusan a kan zaren take zaune. Amma ku lura, tsakanin mafi tsawo da mafi gajarta bambancin kilomita 400 ne kawai, abin da bai kai rabin awa ba ga jirgin da ke cin kilomita 850 zuwa 900 a awa. Duk wanda ya zaɓi hanya saboda ta fi kusa a taswira, ya yi ciniki a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

In kana son ƙiyasin kowane zango da kanka, raba kilomita da 850, ka ƙara minti 30 zuwa 40 na hawa, sauka da gangarawa a ƙasa. Ƙananan jirage irin su Boeing 737 ba su kai manyan gudu ba, su ka raba da 800. Da akwai jirgi kai tsaye, awa 13 za a yi. Kuma ba don babu jirgin da zai iya ba ne. Boeing 787-9 da Airbus A350 suna wuce kilomita 14,000 ba tare da shan mai ba. Fasinjan da zai cika kujera 300 daga Kano kaɗai kullum ne babu, shi ya sa ake tara na Kano, Legas, Akara, Yamai, Njamena da Duwala a wuri ɗaya da dare a zuba su jirgi guda.

Ɗan Kwari:
Ranka ya daɗe, to me ya sa wani lokaci matuƙi zai ce awa 9 da minti 40 za mu yi, alhali tikiti ya ce 10 da kwata?

Tsohon Matuƙi:
Abu biyu ake aunawa. Na tikiti daga lokacin da aka tura jirgi baya daga ƙofa ne zuwa lokacin da ya ja birki a ƙofar can. Na matuƙi daga ɗaga taya ne zuwa dira. Tsakaninsu akwai layin jiran titi da gangarawa, kuma a babban fili irin Baiyun gangarawar kaɗai tana iya cin minti 15 zuwa 20. Kamfanoni kuma suna ɗan ƙara wani abu a jadawali don kada a rubuta musu latti.

Sai iska, wadda ita ce babba. A tsayin ƙafa 35,000 zuwa 40,000 akwai wani kogin iska da ke kwarara daga yamma zuwa gabas ta kan Masar, Saudiyya, arewacin Indiya har kudancin Sin. Daga Disamba zuwa Fabrairu yana haura kilomita 200 a awa. Mai zuwa Sin tana tura shi, mai dawowa yana kokawa da ita. Shi ya sa Doha zuwa Gwanzu za a yi awa 7 da rabi zuwa 8, dawowa kuma 8 da rabi ko 9. Ta Alƙahira ma bambancin yana wuce awa ɗaya a hunturu. Ta Adis abin bai kai haka ba, don hanyar ta fi yin kudu, ta kan Tekun Arabiya da Indiya. A nan ma daga Yuni zuwa Satumba, lokacin damunar Indiya, iskar sama tana juyawa ta taso daga gabas, sai ka ga dawowa ta yi daidai da tafiya ko ma ta fi ta sauri.

Kuma babu jirgin da ke bin zaren nan daidai. Ana kauce wa saman Tibet da manyan duwatsun Himalaya, saboda in iskar cikin jirgi ta zube dole a sauko zuwa tsayin ƙafa 10,000 cikin 'yan mintoci, ƙasar wurin kuwa ta fi haka tsayi. Ga sararin da yaƙi ko siyasa ke rufewa. Tun Afrilun 2023 jirage da yawa ke zagaye Sudan, wadda take tsakiyar hanyarmu ta gabas. Nijar ta rufe nata a Agustan 2023 na wasu makonni. Katar ma ta rufe nata na 'yan awanni a 23 ga Yuni 2025. Kowane zagaye mai ne da mintoci.

Hajiya Mai Leshi:
Yallaɓai ya gama da sama, ni bari in sauko ƙasa, don a nan ake kuka. Abu na farko, jirgin 12:30 na dare. In tikitinka ya ce Talata 00:30, to ran Litinin da daddare za ka je filin jirgi, ƙarfe 9 ta yi maka a can. Kowace kaka sai an sami wanda ya je daren Talata ya tarar jirginsa ya yi kwana guda da tafiya. Jiragen dawowa daga Gwanzu da yawa a wannan tsakanin suke tashi, don haka a karanta kwanan wata sau biyu. Wanda kuma bai hau zango ɗaya ba, na'ura tana soke masa sauran zangunan da ke kan tikitin.

Na biyu, takardar da ake liƙa wa jaka. Lambar Kano KAN ce, ta Gwanzu CAN, daga tsohon sunanta Kanton. Harafi ɗaya ne tsakani. Kafin jaka ta bi bel ka duba da idonka: a tafiya CAN a sama, ADD (Adis) ko CAI (Alƙahira) ko DOH (Doha) a ƙasa. In ka ga lambar garin zango kaɗai, jakarka can za ta tsaya. Ka adana ɗan guntun da ake manna maka a bayan katin shiga jirgi, ba a neman jaka sai da shi. Yawanci jaka biyu ne masu kilo 23, kuma ko za ka biya kuɗin ƙari, jaka ɗaya ba ta wuce kilo 32, sai dai ka raba ta a gaban mai awo mutane suna kallonka.

Na uku, kada a yanki tikiti biyu daban-daban don arha. In tikiti ɗaya ne jirgin farko ya makara, kamfani ne zai nema maka wani, ya kwanar da kai. In biyu ne, kai ka jiyo.

Mai Yankan Tikiti:
Hajiya ta faɗi gaskiya. In ƙara da tsawon jira: ni ban sayar wa mutum ƙasa da awa 2 a zango ba, musamman mai tafiyar farko ko mai tafiya da tsoho. Na'ura za ta yarda da awa ɗaya da 'yan mintoci, amma ita ba ta bin layin bincike. A Adis da dare jiragen Afirka ta Yamma suna sauka kusan a tare, sau da yawa a nesa da gini, sai an kwaso ku a bas, sannan kowa ya bi ta na'urar bincike. Ruwa ko turare da ya wuce mililita 100 a jakar hannu nan zai tsaya. Awa 3 zuwa 4 shi ne daidai. In jiran ya kai awa 8 zuwa 24 kuma babu jirgin da ya fi kusa, kamfanin Habasha yana ba da otal da abinci, amma a tabbatar tun wajen yankan tikiti, don ba kowane farashi ne ya ƙunshi haka ba.

Ɗan Wambai:
Ni fa ban yarda a ce duk hanyoyin ɗaya ba ne. Ta Doha zango na biyu gajere ne, awa 8 ba awa 10 ba, kuma ga wanda ƙafarsa ke kumbura wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a duba abu ɗaya: da kamfanin Katar ya fara jirgin Kano a 2022, haɗa shi ya yi da Abuja. In tikiti ya nuna tsayawa ɗaya tsakanin Kano da Doha, lambar jirgin ba ta canzawa, amma ka ƙara wajen awa 2 na tashi, sauka da zaman ɗaukar fasinja. Nan ribar kilomita 400 ta tafi har da uwar kuɗi. Sannan ba kullum kowane kamfani ke zuwa Kano ba. Ranar da jirgin Kano bai dace da na Gwanzu ba, jiran da ya kamata ya zama awa 3 sai ya koma 15 ko 20, tafiyar awa 19 ta zama 35. Abin da nake dubawa a tikiti layi ɗaya ne, jimlar tsawon tafiya, sai kuma ranakun da suke tashi, don in an soke na yau in san yaushe ne na gaba.

Hajiya Mai Leshi:
Haka ne ɗana. Ga mai kwana a Adis kuma, ya kiyayi tambayar mutanen gari lokaci. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga, ƙarfe 7 na safe a agogon duniya shi ne ƙarfe 1 nasu. Allon filin jirgi da tikiti agogon duniya suke bi, amma direba ko mai shara a otal zai iya ce maka ƙarfe 12 alhali 6 ce. A tafi da rigar sanyi a jakar hannu, garin kan dutse yake.

Tsohon Matuƙi:
Tsayin nan da Hajiya ta ambata ya shafi kaya ma. Filin Bole na Adis yana sama da mita 2,300 daga teku. Iska ba ta da kauri a can, inji ba ya ba da cikakken ƙarfi, fiffike yana buƙatar ƙarin gudu, don haka nauyin da jirgi zai iya ɗagawa yana raguwa, musamman da rana tsaka. Sanyin dare yana taimakon jirgin da ya sha man awa 10. A ko'ina ne, in lissafin nauyi ya ƙi, ba a rage mai, ba a fara da fasinja. Kago, wato kayan dako, ake saukewa, sannan jakunkuna. Magani, caja da kayan sawa na kwana biyu su zauna a jakar hannu.

Mai Duban Yanayi:
Kakanni biyu ke ɓata jadawalin wannan hanya, ɗaya a kowane baki. A Kano hazo ne, Disamba zuwa Fabrairu, wani lokaci har Maris. Tashi ba shi ne matsala sosai ba, sauka ce. Jirgin da zai ɗauke ku sai ya sauka tukuna, in kuwa ganin nesa ya faɗi ƙasa da ƙa'idar filin, zai yi shawagi ya juya Abuja ko wani wuri. Awa 2 da aka rasa a Kano su ne ke cinye jiran zango. A hunturu mutum ya zaɓi jira mai tsawo da gangan.

A Gwanzu kuma ruwa ne. Daga Afrilu zuwa Satumba hadari mai tsawa yana yawan tasowa da yamma, daidai lokacin saukar jirage da yawa, sai a jera su a sama suna zagaye. Daga Yuli zuwa Satumba guguwar teku tana shigowa gaɓar lardin Guangdong, in babba ce a tsayar da tashi da sauka gaba ɗaya har ta wuce. Ana ganin zuwanta kwana uku ko huɗu kafin ta iso, don haka mai dawowa a wannan lokaci ya riƙa duba saƙon kamfani, kada ya saki ɗakin otal da wuri.

Ɗan Wambai:
A haɗa da kalandar Sin. Baje kolin Kanton sau biyu ne a shekara, 15 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu, da 15 ga Oktoba zuwa 4 ga Nuwamba. Kujera tana tsada, layin shige da fice yana ninkuwa. Makon farko na Oktoba hutun ƙasa ne. Sabuwar shekararsu kuma, ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu, masana'antu a rufe suke makonni. Wanda ya je a lokacin ya kai kuɗin otal ne kawai.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Allah ya saka da alheri. Abin da ba a taɓo ba shi ne sallah, kuma agogon hannu ba ya amfani a nan, rana ake bi. Mai tashi Kano bayan azahar ya haɗa azahar da la'asar kafin ya shiga jirgi, magariba da isha a Adis, akwai wurin sallah. Asuba ce ke kubcewa mutane. Jirgin gabas yana tarar rana ne, daren ya gajarce, alfijir ya keto awa 3 zuwa 4 bayan tashi, lokacin da aka kashe fitilu aka rufe tagogi kowa ya yi barci, kuma tsakaninsa da fitowar rana ya fi na ƙasa gajarta. A shiga da alwala, a riƙa ɗaga marfin taga. A dawowa akasin haka ne, dare ya yi ta binku har kusa da sauka. Mai azumi da ya bi jirgin rana zuwa yamma zai ga yini ya ƙi ƙarewa, ba ya shan ruwa da agogon garin da ya baro sai rana ta faɗi a inda yake. Matafiyi dai yana da rangwame. Abinci kuma, na jiragen Masar da Katar duk halal ne. A sauran a nemi a sa lambar MOML, ta abincin Musulmi, a tikiti kwana biyu kafin tafiya.

Nas Mai Ritaya:
Gajere nawa. Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, a sha ruwa kofi ɗaya duk awa ko awa biyu, a rage shayi da kofi. A tashi a taka duk bayan awa 2, a zaune ma a riƙa motsa dugadugai, saboda jini yana iya daskarewa a sharaɓa. Mai ciki, mai ƙiba da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan su ga likita tukuna. Mai allurar ciwon suga ya tsara lokutanta da likitansa, don yinin tafiya ya ragu da awa 7, na dawowa ya ƙaru da 7. Rikicewar barci ta fi tsanani in an je gabas. Kwana uku na farko ƙarfe 3 na dare ido biyu, 11 na safe kai ya yi nauyi. Kada a sa ganawar da za a yi lissafin kuɗi a safiyar farko.

Bazazzagi:
Awa 19 ɗin nan daga tashi zuwa sauka ne, ba daga gida zuwa masauki ba. Sa awa 3 kafin tashi a Kano, don ana rufe awo awa ɗaya kafin lokaci, ga duba katin rigakafin shawara da biza. A Baiyun sa awa 1 zuwa 2: ɗaukar zanen yatsu, layin shige da fice, jiran jaka, kwastan. Filin yana arewa da gari da kusan kilomita 30. Jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 3 ne ke fitowa daga can. Mai zuwa unguwar Sanyuanli ya canza zuwa layi na 2 a tashar Jiahewanggang, mai zuwa unguwar Xiaobei ya ci gaba da layi na 2 har babbar tashar jirgin ƙasa, ya koma layi na 5, tasha ɗaya ce. Wajen awa ɗaya ke nan. Jirgin ƙarƙashin ƙasan ba ya kwana yana aiki, wanda ya fito bayan sha biyun dare sai tasi. Ka nuna wa direba adireshin da rubutun Sinanci, namu ba zai karanta ba. Jimla ga mutumin Kano awa 24 zuwa 25. Mu na Zariya, da na Katsina, Gusau, Maraɗi ko Damagaram, mu ƙara tafiyar mota, masu tsallako iyaka ta Jibiya ko Kongolam gara su kwana a Kano. Otal ne ke yi wa baƙo rajistar 'yan sanda. Wanda ya sauka gidan wani shi zai je ya yi da kansa cikin awa 24.

Ɗan Kwari:
Madalla. Saura masu zarcewa birnin Yiwu, nawa za su ƙara?

Mai Yankan Tikiti:
Kilomita wajen 950 ne, awa 2 a jirgi, Alhaji. Amma a Gwanzu za ka shiga ƙasa, don haka a nan za a buga fasfo, kuma a yawancin tikiti sai ka karɓi jaka ka wuce kwastan ka sake awo a ɓangaren jiragen cikin gida, wataƙila ma a wani gini daban. Bar awa 4 tsakani. Nauyin kaya na cikin gida sau da yawa kilo 20 ne in tikitin daban aka yanka, ba jaka biyu masu 23 ba. Sannan tun 28 ga Yuni 2025 ba a barin batirin cajin waya ya shiga jirgin cikin gida na Sin sai yana ɗauke da tambarin CCC, na shaidar ingancin kaya ta Sin, a jikinsa, a fili ana iya karantawa. Wanda babu, ko ya goge, a wurin bincike za a karɓe shi, kuma sa shi a jakar awo haramun ne a kowane jirgi.